Daga Ashana zuwa Allurar Ƙashi: Tarihin Ciwon Mutuwar Muƙamuƙi da Yadda Aka Koyi Kula da Shi



Gabatarwa

Batun da zan yi magana a kansa yau batu ne na likitanci, amma ta fuskar tarihi zan tunkare shi. Akwai waɗansu magunguna da ake ba mutane domin ƙarfafa musu ƙashi, ko dai saboda tsufa ya zaizaye shi, ko kuwa saboda ciwon daji ya bazu ya shiga cikinsa. Magunguna ne masu amfani ƙwarai da gaske. Sai dai kuma a jikin waɗansu 'yan ƙalilan daga cikin masu karɓarsu, sukan jawo mutuwar wani yanki na ƙashin muƙamuƙi, har ƙashin ya fito fili a cikin baki ya ƙi rufuwa.

A shekarar 2003 likitoci suka fara bayyana wannan ciwo. Da masana suka waiwaya, sai suka tarar ashe an taɓa ganin ɗan'uwansa fiye da shekara 150 kafin nan, a bakin ma'aikatan ashana na ƙasashen Turai. Abin da nake so in nuna shi ne, sau biyu wannan ciwo ya zo wa 'yan Adam, kuma duka biyun ba a sami kansa ba sai da aka mai da hankali ga abin da ake yi tun kafin ya kama mutum. Hausawa dai sun ce waiwaye adon tafiya.

Fosforas da Ashana

Labarin ya faro ne daga wani sinadari da ake kira fosforas. Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand, mutumin birnin Hambug, shi ne ya fara tace shi a shekarar 1669, daga fitsari, a lokacin da yake neman hanyar ƙera zinariya. Bai sami zinariya ba, amma ya sami wani abu fari mai kama da kakin zuma, wanda yake sheƙi cikin duhu, yake kuma kama wuta da kansa in ya sha iska. Daga baya aka gano cewa ƙashin mutum da na dabba cike suke da wannan sinadari, haɗe da sinadarin alli, kuma haɗuwar tasu ce take ba ƙashi taurinsa. Wannan dangantaka ta fosforas da ƙashi ita ce igiyar da ta ɗaure sassan wannan lacca, don haka ina roƙon a riƙe ta.

Wajen shekarar 1830 wani Bafaranshe, Charles Sauria, ya sa farin fosforas a kan tsinken ashana. Ashanar da aka samu tana kamawa a duk inda aka ƙyasta ta, ko a bango ko a tafin takalmi, ga ta kuma da araha. Nan da nan masana'antun ashana suka bazu a Jamus da Ostiriya da Faransa da Ingila. Yawancin ma'aikatansu mata ne da yara, 'ya'yan talakawa, waɗanda suke wuni cikin ɗakuna marasa iska suna shaƙar tururin fosforas, musamman masu dama haɗin da masu tsoma tsinkaye a cikinsa. Galibi a nan inda suke aikin suke cin abincinsu, da hannuwan da suka taɓa haɗin.

Muƙamuƙin 'Yan Ashana

Ba a cika shekara 10 ba sai ciwo ya ɓulla. Wani likita a birnin Biyana, Friedrich Wilhelm Lorinser, ya ga wata ma'aikaciyar ashana mai ruɓaɓɓen muƙamuƙi a shekarar 1839, kuma a tsakiyar shekarun 1840 ya ba da rahoton marasa lafiya 22 masu irin wannan ciwo, ya kuma ɗora laifin a kan fosforas.

Ciwon yakan fara da ciwon haƙori kamar na kowa. Sa'an nan dasashi ya kumbura, haƙora su yi ta girgiɗi suna zubewa, mugunya mai ɗoyi ta riƙa fita ta baki ko ta wata kafa da ta ɓulle a haɓa. A hankali ƙashin ya mutu, ya rabu da mai rai, ya riƙa fitowa gutsure-gutsure. An ruwaito cewa muƙamuƙin waɗansu yakan yi sheƙi cikin duhu. A wancan zamani babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin fenisilin bai shiga hannun likitoci ba sai a shekarun 1940. Abin da likita zai iya kawai shi ne ya yanke muƙamuƙin, ɓangare ko duka. Wadda ta rayu ta rayu da nakasasshiyar fuska, ba ta iya tauna, waɗansu kuwa cutar ta bi jini ko ta hau ƙwaƙwalwa ta kashe su.

Abin lura a nan shi ne, tun a ƙarni na 19 likitoci suka gane cewa ciwon ya fi kama mai ruɓaɓɓen haƙori ko wanda aka cire wa haƙori, watau wanda ƙofa ta buɗe tsakanin bakinsa da ƙashinsa. Shi ya sa lokacin da gwamnatin Ingila ta sa aka yi bincike, wanda rahotonsa ya fito a 1899, cikin masu binciken guda 3 har da likitan haƙori, George Cunningham. Za mu sake cin karo da wannan ƙofa nan gaba.

Shekara Sittin na Jan Ƙafa

Wani abin takaici shi ne, mafita tana nan tun da wuri. A shekarun 1840 Anton von Schrötter, shi ma a Biyana, ya nuna yadda ake mai da farin fosforas ya zama ja, wanda ba ya fitar da tururi mai dafi. A ƙasar Suwidin kuma Gustaf Erik Pasch ya ƙirƙiro ashanar da ba ta kamawa sai an goga ta a gefen kwalinta, inda aka shafa jan fosforas, 'yan'uwan nan Lundström kuwa suka inganta ta a shekarun 1850. Ita ce irin ashanar da muke amfani da ita har yau. Amma ta fi tsada, masu saye kuma sun saba da mai kamawa ko'ina, saboda haka masu masana'antu suka ci gaba da abin da ya fi kawo riba.

Ƙasar Finlan ce ta fara haramta farin fosforas a 1872, Denmak ta bi ta a 1874. A Ingila sai da ma'aikatan da kansu suka tashi. A watan Yuni na 1888 Annie Besant ta buga wata maƙala a kan halin da 'yan matan kamfanin Bryant and May suke ciki a unguwar Bow ta gabashin Landan. A watan Yuli kimanin mata da 'yan mata 1,400 suka shiga yajin aiki. Cikin abubuwan da suka samu akwai soke tarar da ake yanka musu daga albashi, da kuma ware musu ɗakin cin abinci nesa da inda ake aiki da fosforas. A 1891 ƙungiyar Salvation Army ta buɗe tata masana'anta mai amfani da jan fosforas, domin ta nuna cewa abin yana yiwuwa. A 1898 kotu ta ci tarar Bryant and May saboda ɓoye waɗanda ciwon ya kama, bayan doka ta wajabta kai rahotonsu.

A wannan shekara ta 1898 ne Faransawa biyu, Henri Sévène da Émile Cahen, suka samo wani haɗi na fosforas da farar wuta wanda yake kamawa ko'ina amma ba ya cutar da ma'aikata. Da wannan hujjar masu masana'antu ta faɗi. A 1906 ƙasashe 7 suka sa hannu a yarjejeniyar birnin Bern ta hana farin fosforas a ashana. Ingila ta yi tata doka a 1908, ta fara aiki a 1910. Amurka kuwa a 1912 ta ɗora wa irin wannan ashana harajin da ya kashe kasuwarta. Daga rahoton Lorinser zuwa yarjejeniyar Bern kusan shekara 60 ke nan. Da aka kawar da sanadin, ciwon ya ɓace, ba tare da an taɓa samo masa magani ba, har likitoci suka mance da shi sai a littattafan tarihi.

Haihuwar Magungunan Ƙashi

Yanzu bari mu juya ga ɗaya reshen labarin. Tun a ƙarni na 19 masana sinadarai suka haɗa wani iyali na sinadarai da ake kira bisfosfonet, watau masu ɗauke da fosforas biyu a jikinsu. Da farko a masana'antu ake amfani da su, wajen hana alli taruwa a bututun ruwa da tukwanen injina. A shekarun 1960 Herbert Fleisch da abokan aikinsa a garin Davos na ƙasar Suwizalan, tare da Graham Russell da Marion Francis, suka gano cewa waɗannan sinadarai suna manne wa ƙashi, suna kuma hana shi narkewa. Sakamakon bincikensu ya fito a 1969.

Domin a fahimci aikinsu, ya kamata a san cewa ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe shi ana sake gina shi. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu wannan aiki, waɗanda zan kira marusa da magina. Marusa su kankare tsohon ƙashi da wanda ya tsattsage, magina su biyo baya su cike gurbin, kamar yadda ake yi wa ginin ƙasa yaɓe kowace shekara. A jikin baligi kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙashi ake sabuntawa a shekara. Idan tsufa ya zo, musamman ga mace bayan ɗaukewar al'ada, marusa sukan fi magina sauri, ƙashi ya zama kamar soso. Haka nan ciwon dajin mama, da na ɓargo, da na furostet, watau ƙullutun nan da yake ƙarƙashin mafitsarar namiji, in sun shiga ƙashi sukan zuga marusa. Aikin bisfosfonet shi ne ya kashe wa marusa ƙarfi.

An amince da na farkonsu, etidronet, a Amurka a 1977. Daga baya aka samo waɗanda suka fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba: pamidronet a 1991, alendronet, wanda aka fi sani da Fosamax, a 1995, da zoledronet a 2001. A 2010 kuma aka shigo da denosumab, wanda ba ɗan wannan iyali ba ne amma shi ma marusa yake dannewa. Amfaninsu ba abin musu ba ne. Wani babban gwaji da aka buga a 2007 ya nuna cewa allurar zoledronet sau ɗaya a shekara ta rage karayar ƙashin baya da kashi 70 cikin 100, ta rage ta kwatangwalo da kashi 41, a tsakanin mata masu zaizayewar ƙashi.

Dawowar Ciwon

A shekarar 2003 Robert Marx, likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a Jami'ar Miyami ta Amurka, ya buga rahoton marasa lafiya 36 masu ƙashi a fili cikin baki, wanda ya ƙi warkewa. Dukansu suna karɓar pamidronet ko zoledronet. A 2004 Salvatore Ruggiero da abokansa a New York suka kawo rahoton mutum 63. A cikin wannan shekara aka sa gargaɗi a takardun magungunan. Mai tambaya zai ce, yaya aka yi shekara da shekaru ana ba da maganin ba a lura ba? Amsar ita ce, mai rubuta maganin likitan ciwon daji ne ko na ƙashi, wanda ba ya leƙa baki, mai ganin ciwon kuwa likitan haƙori ne, wanda bai san abin da ake ɗura wa majinyacin a wani sashe na asibiti ba. Kowa yana riƙe da rabin labari.

Ƙungiyar likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi ta Amurka ta fitar da matsayinta a 2007, ta sabunta shi a 2009 da 2014 da 2022. A 2014 ma ta canza wa ciwon suna, daga wanda yake jingina shi ga bisfosfonet kaɗai zuwa wanda yake jingina shi ga magunguna gaba ɗaya, saboda an ga denosumab da waɗansu magungunan ciwon daji masu hana tohowar jijiyoyin jini su ma suna jawo shi. Bisa ga ma'aunin ƙungiyar, ana cewa mutum yana da ciwon in an ga ƙashi a fili a bakinsa, ko aka taɓo shi ta wata kafa, har fiye da mako 8, kuma ya taɓa karɓar irin waɗannan magunguna, ba a kuma taɓa gasa masa muƙamuƙi da hasken maganin daji ba.

To, me ya sa sai muƙamuƙi? Ƙashin da yake riƙe da haƙora yana cikin waɗanda aka fi yawan sabuntawa, saboda nauyin tauna. Fatar da ta rufe shi siririya ce, bayanta kuwa baki ne mai ɗauke da ɗaruruwan nau'o'in ƙwayoyin cuta. In aka cire haƙori, ramin yana bukatar marusa su share, magina su cike. In marusa suna barci, ramin sai ya zauna a buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙashi ya mutu. Fiye da rabin masu ciwon bayan cire haƙori ya same su, kuma kusan kashi 3 cikin 4 a muƙamuƙin ƙasa yake aukuwa. Ga ƙofar nan ta 'yan ashana ta sake buɗewa. Marx ma ya yi hasashen cewa jikin 'yan ashana ne yake mai da tururin fosforas ya zama wani abu mai kama da bisfosfonet. Hasashe ne, amma kamannin ciwukan biyu a fili yake.

Yadda Ake Kula da Shi a Yau

A wannan karo ba za a iya yin abin da aka yi a Bern ba, watau haramta sanadin, domin sanadin magani ne da mutane suke bukata. Dole a yi awo. Ga mai zaizayewar ƙashi, wanda yake karɓar ɗan kaɗan, haɗarin bai kai mutum 1 cikin 1,000 ba. Ga mai ciwon daji, wanda ake yi wa allura mai yawa a kai a kai, ya fi haka ƙwarai: a manyan gwaje-gwajen da aka kwatanta magungunan biyu, ciwon ya kama kashi 1.3 cikin 100 na masu karɓar zoledronet da kashi 1.8 na masu karɓar denosumab, kuma yana ƙaruwa da tsawon shekarun karɓa. Tsohuwar da ta bar maganinta don tsoron muƙamuƙi, ta faɗi ta karya kwatangwalo, ta gudu daga gara ta faɗa gidan zago.

Mataki na farko shi ne duba baki kafin a fara magani. A cire haƙoran da ba su da sauran amfani, a cike masu rami, a yi maganin dasashi, a gyara haƙoran roba masu gurzar baki, a kuma bar wurin ya rufe in lokaci ya ba da dama. Wani bincike da aka yi a cibiyar ciwon daji ta birnin Milan a Italiya, aka buga a 2009, ya nuna cewa bayan an shigo da wannan tsari, yawan masu ciwon ya sauko daga kashi 3.2 cikin 100 zuwa kashi 1.3. Bayan an fara maganin kuwa, sai a riƙe tsabtar baki, a bar taba, a kula da ciwon sukari, a riƙa zuwa wurin likitan haƙori. In haƙori ya lalace, an fi son a kashe jijiyarsa a cike shi maimakon a cire, musamman ga mai ciwon daji. In kuwa cirewar ta zama tilas, a yi ta a hankali, a goge kaifin ƙashi, a ɗinke dasashi ya rufe ramin, a kuma bi majinyacin har ya warke.

In ciwon ya riga ya kama, likitoci sun kasa shi hawa-hawa. Akwai hawan da ƙashi yake fili amma babu zafi, inda ake amfani da ruwan kurkure baki mai kashe ƙwayoyin cuta, irin su kulohekzidin. Akwai hawan da zafi da mugunya suka shigo, inda ake ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, ana cire gutsuren ƙashin da ya saki. Akwai kuma hawa na ƙarshe, inda ciwon ya zarce har muƙamuƙi ya karye ko kafa ta ɓulle a fuska, wanda yake bukatar yanke ɓangaren da ya mutu, a maye gurbinsa da ƙarfe ko da ƙashin da aka ɗebo daga ƙafa. A shekarun farko likitoci sun ji tsoron tiyata, suna ganin tana ƙara faɗaɗa ciwon. Daga baya gogewa ta nuna cewa in aka cire mataccen ƙashin duka, aka rufe wurin da nama mai jini, da yawa sukan warke, har matsayin 2022 ya amince da tiyata a kowane hawa gwargwadon halin majinyaci. An kuma gwada teriparatid, magani mai zuga magina, a wani ƙaramin gwaji a Ostareliya da aka buga a 2020, aka ga ya taimaka wajen warkewa.

Saura batun dakatar da magani kafin cire haƙori, wanda har yanzu masana suke da saɓani a kansa. Bisfosfonet yana zaune a ƙashi shekaru bayan an daina sha, saboda haka hutun 'yan makonni ba ya fitar da shi. Denosumab kuwa ƙarfinsa yana gushewa bayan kimanin wata 6, kuma wanda ya daina shi haka kawai yana iya samun karayar ƙashin baya a wurare da yawa. Don haka wannan shawara ta likitan da ya rubuta maganin ce tare da likitan haƙori, majinyaci kada ya yanke ta shi kaɗai.

Kammalawa

Malam Shugaba, waɗannan allurai sun iso manyan asibitocinmu, ana yi wa masu ciwon dajin mama da na furostet. Mun kuma san halinmu: ba ma zuwa wurin likitan haƙori sai zafi ya hana barci, da yawa ma a wurin wanda bai koyi aikin ba ake fizge musu haƙori. Ga ɗalibai, in kuna da iyaye ko kakanni masu karɓar maganin ƙashi, ku tabbata an duba bakinsu, kuma ku gaya wa duk mai shirin cire musu haƙori sunan maganin, ko da an daɗe da dainawa. Ga ma'aikatan gwamnati, musamman na ma'aikatun lafiya, abin da ake bukata daga gare ku ba mai tsada ba ne: takardar turawa daga sashen ciwon daji zuwa sashen haƙori kafin allurar farko, da kati a hannun majinyaci mai ɗauke da sunan magani da ranar da aka fara, da rajistar da za a riƙa rubuta duk wanda ciwon ya kama. 'Yan matan ashana sun jira shekara 60 kafin hukumomi su yi aiki da abin da aka riga aka sani. Mu kuwa an gaya mana, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.